An ƙwace min shafin lalle, ana karɓar kuɗin amare da sunana

Mai Lallen Jekadafari:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Don girman Allah duk mai bin shafina na Instagram ya sani, tun daren jiya ba ni ce a ciki ba. Kada wanda ya tura kuɗi. Yanzun nan wata amarya daga Kumo ta kira ni tana ta godiya, wai na yi mata ragi, ta tura dubu 15 na kama rana. Ko sisi ban gani ba, lambar asusun ma ban san ta ba. Shekara biyar ina gina shafin nan, hannu bayan hannu nake ɗauka ina ɗorawa, mabiya sun kusa dubu 40, kuma duk aikin da nake samu daga wajen Gombe ta can yake zuwa. Ku taya ni yaɗawa.

Admin:
Wa alaikumus salam. Innalillahi. Sannu Adda, na liƙa saƙonki a sama. Kwantar da hankalinki ki faɗa mana yadda aka yi tun daga farko, don a san ta inda za a ɓullo.

Mai Lallen Jekadafari:
Hamma, bayan isha'i ne saƙo ya shigo min ta akwatin saƙo, da tambarin Meta, kamfanin da ke da Instagram, da Turanci mai kyau. Wai an kai ƙarata na ɗora hoton da ba nawa ba, za a rufe shafin cikin awa 24 sai in na danna wani wuri na kare kaina. Gaskiya ɗaya ce, makon jiya na ɗora wani zane da na gani a shafin wata Ba'indiya ban ambaci sunanta ba. Ina karanta saƙon gabana ya faɗi, na ce shi ke nan asirina ya tonu. Na danna, ya kai ni wani wuri sak Instagram, har kalar. Na sa sunana da kalmar sirri. Sai lamba ta shigo wayata, wurin ya ce in rubuta ta, na rubuta. Ya ce an karɓi ƙorafina. Na kwanta har da hamdala. Da asuba na ga an fitar da ni.

Maman Biyu:
Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Wallahi ni ma da ni ce dannawa zan yi, wace mai kwalliya ce a cikinmu ba ta taɓa ɗauko hoton wani ba? Allah ya mayar miki, Adda.

Ɗan Barkwancin Bolari:
Wato ɓarawo bai fasa ƙofa ba, sallama ya yi aka miƙo masa makulli har da ruwan sha.

Admin:
Kai Ɗan Barkwanci, ba yanzu ba. Ajiye wannan sai an gama jaje.

Malamar Kwamfuta:
Hamma Admin bar shi, cikin wasa ya faɗi gaskiyar da ta fi kowace. Yawancin abin da muke kira kutse babu wani fasa kwamfuta a ciki. Ƙugiya ce ake jefawa, a saƙala mata tsoro ko kwaɗayi. Wurin da kika sa kalmar sirrinki na ɓarawon ne, ya yi masa fenti kawai. Kina rubutawa yana gani, yana ɗauka yana sawa a Instagram na gaskiya. Shi ya sa lambar da ta shigo wayarki ta gaskiya ce, daga kamfanin take, shi ne ya janyo ta da ya yi ƙoƙarin shiga. Da kika rubuta ta a wurinsa sai sakata ta biyu ma ta zare.

Yanzu ƙanwata, kafin komai, buɗe imel ɗin da kika yi rajistar shafin da shi. Idan an canza imel ɗin shafi, Instagram kan aiko da sanarwa zuwa tsohon daga security@mail.instagram.com, kuma a cikinta akwai inda za ki danna ki ce ba ke ce kika canza ba. In kin yi sa'a nan take za ki dawo. In ba ki same ta ba, ki rubuta instagram.com/hacked da hannunki a burawuza, kada ki bi ta wani linki da wani zai turo miki, ko da ni ce.

Mai Lallen Jekadafari:
Malama, nan ɗaya. Ban san imel ɗin ba. Wani yaro ne a shagon waya ya buɗe min komai lokacin da na sayi wayata ta farko. Ban taɓa buɗe imel ba tun da nake.

Malamar Kwamfuta:
To fa. Ana wata ga wata. Akwai hoton fuskarki a shafin?

Mai Lallen Jekadafari:
A'a, maigida ba ya so. Hannaye ne da ƙafafu kawai, su ma na amare.

Malamar Kwamfuta:
Dalilin tambayar ke nan. Idan akwai hotunan fuskar mai shafi, sukan ce ya ɗauki ɗan bidiyon kansa yana juya kai dama da hagu, su gwada da abin da ke shafin. Idan babu fuska, abin da suke tambaya shi ne imel ko lambar wayar da aka fara buɗe shafin da ita, da irin wayar da aka yi rajista a kanta. Kun ga inda mu 'yan Arewa muke shiga tsaka mai wuya. Mai lalle hannu take ɗorawa, mai zanen rubutun Larabci allo yake ɗorawa, mai ɗinkin hula hula yake ɗorawa, matan aure da yawa ba sa nuna fuska ko kaɗan. Ba laifi ba ne, amma duk wanda shafinsa ba fuska to imel ɗin farko da layin farko su ne takardar filinsa. Wanda bai san su ba, gini ya yi a filin da takardarsa ke aljihun wani.

Mai Gyaran Waya:
Na ga an fara karkato da maganar wajen masu shagon waya, bari in yi magana kafin a yanke mana hukunci. Shekara tara ina wannan sana'a a bakin Babbar Kasuwa. Mutum zai zo ya ce buɗe min Facebook, buɗe min TikTok, ina sauri. Ka ce wace kalmar sirri kake so, ya ce sa duk abin da ka ga dama. Ka rubuta masa a takarda, kana kallo zai naɗe ƙosai da ita. Wasu ko karɓa ba sa yi. Bayan shekara uku ya dawo yana huci wai ka tuna masa. Ni yanzu littafi na ajiye, amma shi kansa littafin tsoronsa nake ji, ranar da ya faɗa hannun yaron banza mutum nawa aka kashe wa kasuwa? Kuma in gaya muku abin da ya fi yawa: lambar wayar mutum ita ce kalmar sirrinsa. Lambar da ke rubuce ɓaro-ɓaro a saman shafin, ƙarƙashin "a tuntuɓe mu".

Mai Hoto na Bajoga:
Astagfirullah. Bari in fita in dawo, akwai abin da zan gyara.

Maman Biyu:
Hhhh Hamma Mai Hoto an taɓo ka ke nan. Mu je tare.

Furodusan Tunfure:
Ni ina da ja a kan wannan wa'azin na mataki biyu da kullum ake mana, wato bayan kalmar sirri sai an turo maka lamba kafin ka shiga. Ga Adda nan, lamba ta zo mata, an kuma cinye ta. To amfaninsa me? Kuma ba mu kaɗai ba. Linus Tech Tips, tashar YouTube ta Kanada da sana'arsu kenan bayanin kwamfuta, mabiya sama da miliyan 15, a watan Maris na 2023 aka ƙwace ta aka mayar da ita Tesla ana damfarar kirifto da bidiyon Elon Musk. A Yulin 2020 an shiga shafukan Obama da Bill Gates da Biden a Twitter, aka bi sawu aka tarar har da yaro ɗan shekara 17 a Florida. In waɗannan ba su tsira ba, ni da nake haɗa kiɗa a ɗaki ɗaya a Tunfure wa zai tsare ni? Abin da ya zo kawai a karɓa.

Malamar Kwamfuta:
Hamma Furodusa, rabin maganarka gaskiya ce, shi ya sa ba zan wuce ta ba. Amma duba misalan da ka kawo da kyau. Na Twitter, ma'aikatan kamfanin aka kira a waya aka yaudara har suka ba da hanyar shiga kayan aikin cikin gida. Wannan ba ya hannun mai shafi, na yarda. Amma kai ba Obama ba ne, babu wanda zai yi wannan wahalar saboda kai. Na Linus kuwa ya fi kusa da kai fiye da yadda kake zato. Wani ma'aikacinsu ne ya buɗe fayil da aka aiko a matsayin tayin talla, yana kama da takardar PDF alhali manhajar sata ce. Abin da ta kwasa ba kalmar sirri ba ce. Ka san idan ka shiga YouTube sau ɗaya a kwamfutarka, gobe ba ya sake tambayarka? Akwai wata 'yar shaida da burawuza ke ajiyewa, kamar hatimin da ake buga maka a hannu a ƙofar wasa, ka fita ka dawo ba a sake neman tikiti. Wannan hatimin aka sace, shi ya sa ba a nemi lamba ba. Tun a Oktoban 2021 Google ya fitar da rahoto kan irin wannan, yadda ake bin masu tashoshin YouTube da tayin talla na ƙarya, har suka ce sun mayar wa masu su tashoshi kusan 4,000.

Yanzu tambayata: kwamfutar da kake shiga tasharka da ita, manhajar haɗa kiɗa ta FL Studio da ke kanta saya ka yi?

Furodusan Tunfure:
Malama kin san amsar. Wa ke sayen wannan da canjin dalar yanzu?

Malamar Kwamfuta:
To ka ga. Fasasshiyar manhaja tana cikin manyan hanyoyin da irin wannan ɓarawon ke shigowa, don kafin ka girka ta ma sai an ce ka kashe mai gadin kwamfutar. Ba zan ce ka zubar da abincinka ba. Abin da zan ce, kwamfutar situdiyo da kowa ke soka filashi a jikinta ta zama ta kiɗa kawai. Imel da YouTube a bar su a wayarka. Haka masu CapCut ɗin da aka turo ta Xender wai an buɗe masa komai kyauta, da masu GB WhatsApp. Ba ka san wanda ya taɓa cikinsu ba kafin su iso ka.

Maganar mataki biyu kuma, hawa-hawa ne. Lambar da ke zuwa ta saƙon tes ita ce mafi rauni, amma ta fi babu nesa ba kusa ba, don tana tare wanda ya canki kalmar sirrinka ko ya same ta a wani wuri. Sama da ita akwai manhaja irin Google Authenticator, tana fitar da sabuwar lamba duk daƙiƙa 30, ba ruwanta da sabis, ko kana ƙauyen da sai an hau tudu ake kira tana aiki. Ita ma in ka kwafa ka sa a shafin ƙarya an ci ka, ba zan ɓoye ba. Wanda ya fi duka shi ne faski (passkey), wanda kake buɗewa da yatsa ko fuska. Shi ɗaure yake da adireshin gaskiya, in shafin bogi ne ƙememe zai ƙi aiki ko da kai ka yarda. Google da WhatsApp duk sun kawo shi tun 2023.

Furodusan Tunfure:
In wayar da manhajar ke ciki ta faɗi a Keke fa? Kin ga na kulle kaina a waje da hannuna. Wannan ya faru da wani mawaƙi da nake wa aiki, har yau bai koma ba.

Malamar Kwamfuta:
Saboda bai ajiye lambobin ko-ta-kwana ba. Ranar da ka kunna mataki biyu ana ba ka wasu lambobi, kowace sau ɗaya take aiki. A rubuta su da biro a ajiye inda ake ajiye takardar gida. Ba hoton allo za a ɗauka a bari a wayar ba.

Mai Hoto na Bajoga:
Na dawo, na canza. Amma ku ƙara da maganar layi, don ni ta nan aka taɓa cina. Tsohon layina na yar a durowa na koma sabo, na manta Facebook ɗina a kansa yake. Layin da ya yi wajen wata shida ba a taɓa shi ba kamfani na iya rufe shi, daga baya a sayar wa wani lambar. Wata rana na kira, wani bawan Allah ya ɗauka daga can Kudu, ko Hausa ba ya ji. Allah ya sa mutumin kirki ne ya karanto min lambar da ta shigo masa. Da mugu ne, "na manta kalmar sirri" kawai zai danna ya gaje ni da raina.

Mai Gyaran Waya:
Ga kuma masu layin da aka yi rajista da NIN ɗin wani. Tun da aka ce a haɗa layi da NIN a ƙarshen 2020, lokacin ɗan garin nan Malam Pantami yana minista, mutane da yawa musamman mata suka ba wa yayye da mazaje suka haɗa musu da nasu. Ranar da layin ya ɓace, mai NIN ɗin ne kaɗai zai iya yin welkom-bak. In kuna shiri lafiya lau. In aure ya mutu ko an yi faɗan gado, to layinki da duk shafin da ke kansa yana hannun wanda ba ya ɗaga wayarki. Na ga wannan da idona ba sau ɗaya ba. Kuma ku sa wa sim ɗinku fin, wato lambar sirri ta kulle shi. Ɓarawon waya abin da yake fara yi shi ne zare sim ya sa a ƙaramar waya. Sai dai a kula, in aka yi kuskure sau uku zai nemi PUK, yana jikin katin da sim ya zo a ciki.

Malamar Kwamfuta:
Shi kansa Jack Dorsey, yana shugaban Twitter a 2019, ta hanyar ɗauke masa layi aka shiga shafinsa.

Bappa Sha'iri:
Assalamu alaikum 'ya'yana. Jikata ce take rubuta min, ni ina faɗa. Tun ɗazu ake karanto min maganganunku jikina ya yi sanyi. Shekara 30 ina waƙar bege. Ɗan ƙanena ne ya buɗe min YouTube da Facebook, shi yake ɗorawa, shi yake amsa mutane, in kuɗi sun zo shi yake kawo min. Ban san kalmar sirri ba, ban san imel ba, ban taɓa tambaya ba. Yaron kirki ne, a hannuna ya tashi. Yanzu ku ce in kira shi in ce ba ni makulli? Da wane baki? Zai ce Bappa ya daina yarda da ni. Mu Fulani akwai abin da ba ma iya faɗa wa ɗa.

Ɗan Barkwancin Bolari:
Bappa, Allah ya ƙara lafiya. Ni dai a ganina a bar wa yaron, tun da bai taɓa cuta ba. Kada garin gyaran gira a rasa ido.

Maman Biyu:
A'a Ɗan Barkwanci, ban yarda ba. Ba maganar yaron mugu ne ko na kirki ba. In shi aka turo wa irin saƙon da aka turo wa Adda fa? In wayarsa ta faɗi? In rai ya yi halinsa, Allah ya ba shi tsawon kwana, wa ya san hanyar shiga? Waƙoƙin Bappa na shekara 30 suna rataye a wuyan mutum ɗaya. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Mai Hoto na Bajoga:
Adda Maman Biyu, faɗa da baki ne mai sauƙi. Kin san yadda zumunci yake. Na san gidan da aka daina gaisawa kan shafin Facebook na wani mai wa'azi, wanda ya riƙe ya ce shi ya tara mabiyan da datarsa. Kuma in za a yi adalci, yana da gaskiyarsa. Yaron Bappa ma ya sha wahala a kai, ba a ce masa sauka haka kawai ba.

Malamar Kwamfuta:
Bappa, barka da war haka, Allah ya ƙara girma. Ba sai an ƙwace masa komai ba, kamfanonin sun riga sun yi tanadin wannan. A YouTube mai tasha na iya ba wa wani matsayin manaja ko edita, ya shiga da nasa imel ɗin, ya ɗora, ya amsa mutane, ba tare da ya riƙe kalmar sirrin mai tasha ba. A shafin Facebook ma akwai mai cikakken iko da mai ikon aiki kawai. Mai cikakken iko shi ne zai iya cire kowa, har ya goge shafin. Abin da ya dace, cikakken iko ya zama a hannun mutum biyu amintattu, ɗaya ya zama ku ko wanda kuka zaɓa a cikin gida, layin da lamba ke zuwa kuma ya zama naku. Yaron ya ci gaba da aikinsa kamar jiya. Kuma ba sai kun ce ba ni makulli ba. Ku ba shi labarin Mai Lalle, ku ce hankalinku ya tashi, ya zo ku zauna a ƙara wa ƙofa sakata. In na kirki ne kamar yadda kuka ce, shi zai fi kowa murna, don nauyin ya ragu a kansa.

Tun da na ambaci iko, masu barkwanci ku ji wannan. Za a zo muku da cewa kamfanin waje ne, za su riƙa sa talla a shafinku suna biyan dala kaza duk mako, sai dai ku karɓi gayyata ko ku ƙara su a masu kula da shafi. Kana ba su cikakken iko, kai ne na farkon da za su cire.

Ɗan Barkwancin Bolari:
Malama tsaya. Dala 700 duk mako suka ce min shekaranjiya. Har na yi wa Inna alkawarin firji.

Admin:
Ka ga wanda yake yi wa Adda dariya ɗazu. Ka karɓi gayyatar?

Ɗan Barkwancin Bolari:
Data ce ta ƙare min, Hamma. Talauci ya yi min rana.

Sabon Mamba:
Yar uwa kar ki damu, akwai wani gwani da ya dawo min da nawa cikin minti 30, ko an canza imel yana iyawa. Dubu 20 kawai, rabi kafin aiki. Ki min magana ta gefe in haɗa ku.

Admin:
Wa ya shigo da wannan lambar? Jiya da yamma ta shigo, ba ta taɓa cewa uffan ba sai yanzu. Na cire shi. Adda, kada ki kula duk wanda ya biyo ki ta gefe.

Malamar Kwamfuta:
Madalla Hamma. Waɗannan su ne angulayen da ke sauka bayan kura ta gama. Babu wani gwani a waje da ke da ƙofar baya ta shiga Meta. Za su karɓi rabi, su turo hoton allo na bogi wai saura kaɗan, su nemi ciko. Shi ma ɓarawon farko yana iya zuwa ya ce ki fanshi shafinki. In kin biya babu abin da zai tilasta masa ya mayar.

Kuma kowa ya riƙe wannan: Instagram ba ya aiko da gargaɗi ta akwatin saƙo. In kana shakkar wani imel, shiga saitin tsaro na manhajar, akwai wurin da ke jera duk imel ɗin da suka aiko maka cikin kwana 14 da suka wuce. In babu shi a can, na bogi ne. Shuɗin maki ma ba a inbos ake rabonsa ba, tun 2023 mai so yana iya nema ya biya kuɗin wata ta cikin manhajar kanta.

Ɗalibin Lauya:
Ta fuskar doka, wannan laifi ne mai suna. Dokar laifukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ta tanadi ɗaurin shekara 3 ko tarar naira miliyan 1 ko duka biyun ga mai irin wannan damfarar ta ƙugiya. Adda, abu mafi daraja a hannunki yanzu shi ne lambar asusun da amaryar nan ta tura kuɗi. Ta je bankinta yau ta shigar da ƙorafi a rubuce da shaidar turawar, ku adana hoton duk hirar. EFCC na da ofishin shiyya a nan Gombe, 'yan sanda kuma suna da cibiyar laifukan intanet ta ƙasa a Abuja.

Mai Hoto na Bajoga:
Barista, a kan dubu 15? Kuɗin zirga-zirga sai ya fi haka. Kuma asusun da suke karɓa da shi yawanci na wani talaka ne da aka ba shi ɗan abu ya ba da aro.

Ɗalibin Lauya:
Ba dubu 15 ba ce kaɗai, Hamma, ba mu san amare nawa suka tura ba. Kuma takardar ƙorafin kariya ce ga Adda. Gobe in wata ta kai ta ƙara cewa ta ci kuɗinta, da me za ta nuna cewa tun ranar kaza shafin ba ya hannunta? Shi mai ba da aron asusu kuma ya sani, in aka bi sawu ƙofarsa za a fara ƙwanƙwasawa.

Maman Biyu:
Ku bari in ƙara ɗaya kafin in ɗora tukunya, don mu nan a WhatsApp muke. Za a kira ka da sallama mai daɗi, a ambaci sunan zauren da kake ciki, a ce akwai taro a Zoom da daddare, an turo maka lambar shiga ka karanto. Lamba shida ɗin nan ta WhatsApp ɗinka ce. Goggona aka yi wa haka, kafin magariba an roƙi duk dangi kuɗin asibiti da sunanta.

Malamar Kwamfuta:
In ya faru, a sake rajistar WhatsApp da layin nan take, ana rubuta sabuwar lambar da ta shigo ɓarawon zai fita. In ya riga ya sa nasa fin ɗin, sai an jira kwana 7, amma shi ma yana waje a lokacin. Wanda bai sa fin na mataki biyu ba a zauren nan ya sa yanzu, minti ɗaya ne.

Admin:
Daga yau duk wanda ya ce da sunana akwai taro ku karanto lamba, ba ni ba ne. Ni ko taron unguwa da ƙyar nake zuwa.

Mai Lallen Jekadafari:
'Yan uwa na gode, Allah ya bar zumunci. Na je gidan Dada na zazzage tsohuwar jakata, na samo wayar farko, Tecno ce, fuskar ta fashe amma ta kawo wuta. Sim ɗin ciki ya daɗe da mutuwa. Sai dai ƙanwata ta duba ta ce akwai wani Gmail a ciki mai sunana da lambobi a ƙarshe, kuma bai fita ba. Ban taɓa komai ba, tsoro nake ji.

Malamar Kwamfuta:
Alhamdulillah! Kada ki fita daga imel ɗin, kada ki yi wa wayar wanki, kada ki ba kowa ya "gwada". Sa ta a caji. Haɗa ta da intanet ɗin wayar ƙanwarki, ki buɗe Gmail ɗin ki nemi saƙon Instagram na daren jiya, ki duba har cikin kwandon tarkace. Ina tashi daga aji ƙarfe 4, zan biyo ta Jekadafari mu yi tare. Ba na miki alkawarin zai dawo yau, wani lokaci abin yana ɗaukar kwanaki, amma yanzu kina da abin nunawa.

Mai Gyaran Waya:
In batirin ya kumbura kada a matsa masa caji, a kawo min in sa wani, ba sai an biya ba.

Furodusan Tunfure:
Malama in kin gama da Adda ki faɗa min yadda ake faskin nan. Ban ce na yarda da duk maganarki ba, amma na cire imel ɗina daga kwamfutar situdiyo.

Bappa Sha'iri:
Jikar ce dai har yanzu. Bappa ya ce ya kira yaron, zai zo ranar Juma'a bayan masallaci. Ya ce a tambayi Malama, in sun zauna me za a fara buɗewa, YouTube ɗin ko imel?

Malamar Kwamfuta:
Imel, Bappa. Ku fara duba layin wa ke kansa.